Cat Stevens ya koma Yusuf Islam: da gaske ne a rana ɗaya ya rabu da waƙa?

Ɗan_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai saƙon da ke ta yawo a WhatsApp game da Yusuf Islam, wanda duniya ta sani da Cat Stevens. Saƙon na cewa Bature ne ɗan asalin Ingila, ɗan gidan attajirai, ya kusa nutsewa a teku, washegari ya musulunta, ya ƙona gitocinsa, kuma bai sake rera waƙa ba har yau. Ina ganin an cakuɗa gaskiya da ƙari. Masu sanin tarihinsa, don Allah ku tace mana.

Mai_Faifai:
Wa alaikumus salam. Malam, a cikin duk abin da ka lissafa, batun teku ne kaɗai ya tsaya da ƙafarsa. Mu fara daga asali. Sunansa na haihuwa Steven Demetre Georgiou, an haife shi ranar 21 ga Yuli 1948 a Landan. Mahaifinsa Stavros Bagirke ne daga tsibirin Kubrus, mahaifiyarsa Ingrid Wickman kuma 'yar Suwidin ce. Ka ga a Ingila aka haife shi, amma iyayensa duka baƙi ne da suka zo neman abinci. Shi ne auta, yana da yaya mace Anita da yaya namiji David.

Ba attajirai ba ne. Gidan cin abinci suke da shi mai suna Moulin Rouge a kan titin Shaftesbury Avenue, suna kwana a saman bene, shago na ƙasa, kuma yaran duka suna aiki a ciki, daga kai wa baƙi abinci har wanke-wanke. Iyayen sun rabu yana da kamar shekara 8, amma suka ci gaba da tafiyar da shagon tare.

Ummu_Hanan:
Ƙari a kan maganar Mai_Faifai, gidan nasu ma ba addini ɗaya ake yi ba. Uban ɗan cocin Otodoks na Girka ne, uwar 'yar Baftis, shi kuma aka sa shi firamaren Katolika ta St Joseph da ke Macklin Street saboda ita ce kusa da gida. Yaro ɗaya, ɗarikun Kirista uku. Sannan akwai abin da saƙonnin WhatsApp ba sa faɗa: shi da bakinsa ya ce ya tashi da ƙyamar Musulunci, saboda tsohuwar gaba tsakanin Girkawa da Turkawa, kuma a idon Bagirken Kubrus na lokacin, Baturke da Musulmi duk abu ɗaya ne. Wanda ya taso da wannan ba ya juyawa a dare ɗaya.

BaZazzagi_77:
Ni tambayata daban ce. Wannan mutumin mawaƙin rok ne ma kuwa? Abin da aka fi saninsa da shi gita ce mara lantarki da murya a kwance. Rok kuwa gitar lantarki ce da ganguna masu ƙara.

Mai_Faifai:
BaZazzagi, rok gida ne mai ɗakuna da yawa. Ɗakin da yake ciki shi ne wanda aka auri waƙar gargajiyar Turawa da kiɗan rok, mawaƙi ya rubuta waƙarsa da kansa ya rera. A 2014 aka shigar da shi zauren girmama mawaƙan rok na Amurka, wanda gidan tarihinsa ke Cleveland. Kuma a 1967 ya yi rangadin Ingila a jerin mawaƙa ɗaya da Jimi Hendrix da Walker Brothers da Engelbert Humperdinck.

Tsirkiya_Shida:
Bari in shiga ta ɓangaren sana'ar, domin nan ne ake gane dalilin da ya sa ya gaji da ita tun kafin maganar addini ta taso.

Gidansu tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa zuwa Denmark Street, titin da kamfanonin sayen waƙoƙi suke jere a wancan zamani. Yana shekara 15 ya sa mahaifinsa ya saya masa gita ta fam 8. Akwai kuma fiyano a gidan, da ita ya koyi haɗa sauti shi kaɗai, ba malami. Ya yi shekara guda a makarantar zane ta Hammersmith, shi ya sa zanen bangon faifansa da suka fi shahara da hannunsa ya yi su. Da farko Steve Adams yake kiran kansa. Daga baya ya ɗauki Cat, wato kyanwa, saboda wata budurwarsa ta ce idanunsa irin na kyanwa ne, kuma ya san babu mai shiga shago ya iya furta Georgiou.

A 1966 furodusa Mike Hurst ya ji shi, ya kai shi Deram, reshen kamfanin Decca. Waƙarsa Matthew and Son ta kai mataki na 2 a jadawalin Ingila a farkon 1967, yana shekara 18. To ga yadda ake aiki a lokacin: kamfani ne ke kama situdiyo, a ɗauko makaɗan haya masu karanta sauti a takarda, ƙungiyarsu ta ƙayyade zama ɗaya awa uku. A cikin awa ukun nan ake son a gama waƙa biyu ko uku. Mai tsara kiɗa ya riga ya rubuta wa masu goge da masu ƙaho abin da za su yi, shi yaron da ya ƙirƙiri waƙar sai ya shigo ya ɗora murya kawai. Waƙar da ya haɗa da gita ɗaya a ɗakinsa sai ta fito da kaya niƙi-niƙi har bai gane ta ba. Faifansa na biyu, New Masters, ya fito a ƙarshen 1967 bai yi kasuwa ba. Daga nan sai ciwo.

Nas_Ƙirji:
Ciwon nan shi ne mahaɗar labarin, kuma saƙon da Ɗan_Fagge ya kawo bai ambace shi ba sam. Tarin tibi ne ya kama shi, har huhu ɗaya ya saɓe, aka kwantar da shi a asibitin King Edward VII da ke Midhurst a yankin Sussex. Wata uku a gadon asibiti, sannan kusan shekara yana jinya a gida.

Ga waɗanda ba su san abin da ake nufi da huhu ya saɓe ba: tsakanin huhu da bangon ƙirji akwai fata biyu sirara da ke manne da juna. Idan ciwo ya huda huhun, iska ta shiga tsakaninsu, sai huhun ya motse kamar balan-balan da aka sace wa iska. Numfashi ya yi wuya, ƙirji ya riƙa suka. Idan iskar ta yi yawa sai an sa roba ta tsakanin haƙarƙari an fitar da ita.

Maganin tibi na wancan zamani kala uku ne: allurar streptomycin, ƙwayar isoniazid, da PAS wanda ake sha da yawa yana ɓata ciki. Ana ɗaukar wata 18 zuwa shekara 2. Ita streptomycin tana iya lalata ji da daidaiton tafiya, kun ga ga mawaƙi ba ƙaramin haɗari ba ne. Yanzu wata 6 ne: wata 2 na farko magani huɗu, rifampicin da isoniazid da pyrazinamide da ethambutol, sauran wata 4 kuma biyun farko kaɗai. Inda ake samun matsala shi ne mutum ya ji sauƙi bayan 'yan makonni ya ajiye magani. Ƙwayoyin cutar da suka rage su ne masu taurin kai, su hayayyafa, a koma tibin da ba ya jin magani, wanda jinyarsa ta fi tsawo da wahala.

Gwaggon_Yara:
Allah ya saka da alheri, Malama Nas. Wannan bayani ya wuce labarin mawaƙi, ya shafi gidajenmu.

Ummu_Hanan:
A wannan jinyar ne ya fara tambayar kansa ina aka dosa. Saurayi ɗan shekara 20 yana ganin ana fitar da gawa daga ɗakin da yake kwance. Ya fara karanta littattafan addinin Buddha, ya koyi zaman tunani, ya bar cin nama. Daga baya ya leƙa Zen, wani reshe na addinin Buddha, ya leƙa ilimin taurari da lissafin lambobi. Wato daga kwanciyar asibiti zuwa kalmar shahada an yi shekara takwas zuwa tara yana lalube. Ku duba sunayen faifansa kawai: na 1972, Catch Bull at Four, daga wasu zane-zane goma na Zen aka ɗauko sunan, na 1974 kuma akwai sunan Buddha ƙarara a kai.

Tsirkiya_Shida:
Kuma a jinyar ya rubuta waƙoƙi wajen 40, su ne jarin da ya ci shekaru yana ɗiba. Da ya warke yana son barin Deram amma kwantiragi ya ɗaure shi. Dabarar da ya yi ita ce ya riƙa neman a kawo masa babbar tawagar makaɗa mai tsadar da kamfani ba zai iya biya ba, ya haɗa da barazanar kotu, har suka sallame shi. Ya koma Island na Chris Blackwell, a Amurka kuma kamfanin A&M ke sayar da faifansa.

Sabon furodusa shi ne Paul Samwell-Smith, tsohon mai gitar bes na ƙungiyar Yardbirds. Abin da ya yi shi ne rage kaya. Gita biyu masu tsirkiyar ƙarfe, ɗaya a hannun Cat yana kaɗa ta da ƙarfi tamkar ganga, ɗaya a hannun Alun Davies yana tsinkar tsirkiya da yatsu yana cike gurbi. Sai babban bes na katako, ganguna kaɗan, murya a gaba kusa da makirfo. Idan gita biyu suka yi abu ɗaya a wuri ɗaya sauti na cakuɗewa ya zama laka, shi ya sa ɗaya ke riƙe ƙasa ɗaya na sama. Da wannan tsari aka yi Mona Bone Jakon da Tea for the Tillerman duka a 1970, sai Teaser and the Firecat a 1971. A dandali ya fi riƙe gitar Ovation mai zagayayyen baya na roba, domin tana da na'urar ɗaukar sauti a ciki. Gitar katako zalla idan aka kusanta ta da makirfo a babban zaure, sautin lasifika na komawa cikinta ya haifar da ƙugi.

BaZazzagi_77:
To na yarda da batun rok. Amma ku dawo kan teku. Yaushe, a ina, kuma yaya aka yi?

Sarkin_Ruwa:
A Malibu ne, gaɓar Kalifoniya, a tsakiyar shekarun 1970, ya je gidan Jerry Moss, ɗaya daga masu kamfanin A&M. Ya shiga iyo shi kaɗai, ruwa ya ja shi ciki, ya yi ta ƙoƙarin dawowa ƙarfinsa na ƙarewa. Yadda ya sha ba da labari, sai ya roƙi Allah cewa in ya tsirar da shi zai yi masa aiki, sai wata igiya ta taso daga bayansa ta tura shi wajen gaɓa.

Irin wannan ruwa yana da bayani, kuma sanin sa na ceton rai. Igiyoyi na tara ruwa a bakin gaɓa, ruwan nan dole ya koma, sai ya sami wata 'yar kafa a tsakanin tudun yashin da ke ƙarƙashi ya bi ta nan da gudu kamar kwata. Faɗinsa yawanci bai wuce mita 25 ba, amma gudunsa na iya kaiwa mita 2 da rabi a daƙiƙa, ya fi gwanin iyo na gasar duniya sauri. Ba ya danna mutum ƙasa, waje yake kai shi. Abin da ke kashe mutane shi ne su fuskanci gaɓa kai tsaye suna kokawa da ruwan har su gaji. Abin yi: ka kwanta a kan ruwa ka huta, ka yi iyo a gicciye, wato ka bi tsawon gaɓa har ka fita daga kwatar, sannan ka bar igiya ta kawo ka. Alamarsa daga tudu ita ce wurin da ruwa ya yi duhu ya kwanta babu kumfa alhali gefe da gefe igiya na fashewa. Wurin da ya fi kama da lafiya shi ne tarkon. Ga kuma sanyin ruwan Kalifoniya da ke saurin kashe gaɓoɓi.

Ɗan_Damagaram:
Sarkin Ruwa, bayaninka daidai ne, amma kada ya sa a ɗauka ba ikon Allah ba ne. Sababi daban, Mai sababi daban.

Sarkin_Ruwa:
Babu saɓani tsakaninmu, Malam. Na kawo sababin ne saboda masu zuwa bakin teku.

Ummu_Hanan:
Abin lura shi ne a ranar da ya yi wannan roƙo bai karanta Alƙur'ani ba tukuna. Alkawari ya yi wa Allah ba tare da ya san ta wace hanya zai cika shi ba. Bayan haka ne yayansa David ya je Birnin Ƙudus, ya dawo masa da fassarar Alƙur'ani a matsayin kyauta. Shi David ɗin ba Musulmi ba ne a lokacin. Cat ya yi fiye da shekara yana karantawa shi kaɗai, bai da abokai Musulmi, bai da malami. Ya kuma ba da labarin jin kiran salla a Marrakesh ta Maroko, da ya tambaya aka ce masa wannan sauti ne domin Allah, shi kuwa bai taɓa sanin sauti ba sai domin kuɗi da suna da tafi.

Ranar 23 ga Disamba 1977 ya shiga babban masallacin Landan da ke Regent's Park ya yi shahada. Sunan Yusuf sai a Yuli 1978 ya ɗauka. Ya ce Suratu Yusuf ce ta fi taɓa shi, labarin wanda aka saye aka sayar a kasuwa, domin haka ya ga kansa a hannun kamfanonin waƙa. Don haka "washegari" ɗin da ke cikin saƙon nan ya kai shekara biyu ko kusa da haka.

Mai_Faifai:
Kuma ko bayan shahada bai tsaya nan take ba. Kamfani na bin sa bashin faifai ɗaya, ya cika alkawari da Back to Earth, wanda ya fito a Disamba 1978 da sunan Cat Stevens, a watan da mahaifinsa ya rasu. Ya auri Fauzia Mubarak Ali ranar 7 ga Satumba 1979 a masallacin nan na Regent's Park. Hawansa dandali na ƙarshe a wancan zango shi ne a Wembley a Nuwamba 1979, taron tara wa UNICEF kuɗi na shekarar yara ta duniya. Gitocin kuma ba ƙona su ya yi ba, gwanjonsu aka yi a farkon shekarun 1980 aka ba ƙungiyoyin agaji kuɗin.

Ɗan_Fagge:
To da me ya ci gaba da rayuwa, har da gina makarantu, tunda ya bar sana'a?

Akawun_Kantin_Kwari:
Wannan tambayar lissafi ce. Kowace waƙa da aka ɗauka tana da haƙƙi biyu. Na farko haƙƙin ƙirƙira, wato baitoci da karin waƙar, na marubuci ne da kamfanin da ke kula masa da ita. Na biyu haƙƙin ɗaukar sautin, yawanci na kamfanin da ya biya kuɗin situdiyo ne, mawaƙi na samun kaso kaɗan bayan an cire abin da aka kashe masa. Mawaƙin da wani ke rubuta masa, da ya daina hawa dandali aljihunsa ke bushewa. Shi kuwa Yusuf shi ya rubuta kusan duk waƙoƙinsa. Duk lokacin da rediyo ta sa, ko aka buga sabon faifai, ko aka sa a fim ko talla, ko wani mawaƙi ya sake rerawa, kason marubuci na zuwa. A Ingila ƙungiyar PRS ke karɓar wa marubuta kuɗin sakawa a rediyo da bainar jama'a, ƙungiyar MCPS kuma na bugawa.

Misali ɗaya ya isa. The First Cut Is the Deepest ya ba P.P. Arnold ita a kan fam 30 a 1967. Rod Stewart ya sake rera ta ta kai mataki na 1 a Ingila a 1977, Sheryl Crow ta sake a 2003. A duk waɗannan, sunan marubuci bai canja ba. A 2007 shi da kansa ya ƙiyasta cewa tsofaffin waƙoƙin na kawo masa kimanin dala miliyan 1 da rabi a shekara.

Wani abu kuma da ake mantawa: a shekarun 1970 ya koma zama a Rio ta Barazil saboda haraji. Daga 1974 mafi girman harajin kuɗin shiga a Ingila ya kai kashi 83 cikin 100, na ribar jari kuma har 98. Mawaƙa da yawa sun fice, Rolling Stones ma Faransa suka koma tun 1971.

Malamar_Firamare:
Tunda an taɓo makaranta. Islamia Primary ya buɗe a 1983 a arewa maso yammacin Landan da yara 13, lokacin da 'ya'yansa suka fara isa shiga makaranta. Gwagwarmayar da ta fi cin lokaci ita ce neman gwamnati ta ɗauki nauyinta kamar yadda take ɗaukar na Anglika da Katolika da Yahudawa. Tsarin shi ne gwamnati ta biya albashin malamai da kuɗin gudanarwa, masu makaranta su kawo wani kaso na kuɗin gini da gyara, su ke naɗa mafi yawan 'yan hukumar gudanarwa, amma dole a koyar da manhajar ƙasa kuma masu duba makarantu su riƙa zuwa. An ƙi su fiye da sau ɗaya, hujjar da aka bayar ita ce akwai kujerun da ba kowa a makarantun gwamnati na kusa. Sai a Janairu 1998, zamanin da David Blunkett ke ministan ilimi, aka amince da ita tare da Al-Furqan ta Birmingham. Su ne makarantun Musulmi na farko da suka sami kuɗin gwamnati a Ingila. Shekara 15 ke nan ana bin takarda. Yana kuma cikin waɗanda suka kafa Muslim Aid a 1985, daga baya ya kafa tasa ƙungiyar ta marayu, Small Kindness. A ganina wannan ne babban aikinsa, ya fi duk faifan.

BaZazzagi_77:
Ana ta yabo, amma ba wanda ya ambaci 1989. Tarihi ba a yi masa kwaskwarima.

Mai_Faifai:
Gaskiyarka. A Fabrairu 1989 yana jawabi ga ɗalibai a kwalejin Kingston, aka tambaye shi game da fatawar kisa da Ayatullah Khomeini ya yi a kan marubuci Salman Rushdie saboda littafinsa The Satanic Verses. Amsar da ya bayar jaridu suka ɗauke ta a matsayin goyon bayan kisa. Bayan 'yan watanni a wani shirin talabijin ya sake furta maganganu masu zafi. Ya sha cewa shi hukuncin saɓo a fiƙihu ya bayyana, bai goyi bayan fatawar ba kuma bai yarda wani ya ɗauki doka a hannunsa ba, maganganun talabijin ɗin kuma ya amsa cewa bai kamata ya yi su ba. Mutane da dama, har da Rushdie, ba su karɓi wannan bayani ba har yau. Gidajen rediyo a Amurka sun daina sa waƙoƙinsa, ƙungiyar 10,000 Maniacs ta cire waƙarsa Peace Train daga faifanta. Darasin aiki a nan shi ne wanda ya yi shekara 11 kacal a Musulunci, ba malamin fiƙihu ba, ya amsa tambayar fatawa a gaban 'yan jarida da jimla ɗaya. Jimla ɗaya suke buƙata.

Akawun_Kantin_Kwari:
Sai kuma 21 ga Satumba 2004. Yana cikin jirgin United daga Landan zuwa Washinton, aka ga sunansa a jerin waɗanda aka hana shiga, aka karkatar da jirgin zuwa Bangor a jihar Maine, aka mayar da shi gida. Ministan harkokin wajen Birtaniya Jack Straw ya kai ƙorafi ga takwaransa na Amurka, Colin Powell. Jaridun The Sun da Sunday Times da suka alaƙanta shi da ta'addanci sun ba shi haƙuri sun biya diyya a 2005, ya ba marayun tsunami. A ƙarshen 2006 ya shiga Amurka ba wanda ya tare shi.

Ɗan_Damagaram:
Ni inda nake da magana shi ne komawarsa gita. Shekaru sama da 20 yana kan abin da jumhurun malamai suka tafi a kai. A mazhabobi huɗu, mashhurin zance shi ne haramcin kayan kiɗa masu tsirkiya da na busa, an yi rangwame ga mandiri a biki da idi. Hadisin ma'azif, wato kayan kiɗa, yana cikin Bukhari. Abin da ya yi a 1995 na tarihin Annabi (SAW), da na yara na 2000, A is for Allah, murya ce da ganga kawai, kuma sun shiga gidajen Musulmi a ko'ina. Me ya rasa a nan?

Ummu_Hanan:
Malam, abin da ka faɗa game da jumhuru haka yake, amma saɓanin tsoho ne. Ibn Hazm na Andalus ya halatta, yana ganin isnadin hadisin a yanke yake, Ibnus Salah da wasu suka yi masa raddi cewa a haɗe yake. Imam Ghazali ya ware babi guda a Ihya a kan sauraro, ya halatta waƙa da mandiri bisa sharuɗɗa, duk da cewa shi ma ya hana masu tsirkiya saboda alaƙarsu da majalisar mashaya. A wannan zamani Shaikh Ƙaradawi ya halatta da sharaɗin ma'ana mai kyau. Shi Yusuf ya ce tun farko limamin masallacin Landan ya gaya masa zai iya ci gaba in waƙar ba ta da alfasha, wasu suka ce masa a'a, sai ya zaɓi barin abin da yake kokwanto. Gitar ta dawo gidan ne ta hannun ɗansa Muhammad a farkon shekarun 2000. Faifan An Other Cup ya fito a 2006, shekara 28 bayan na ƙarshe. Mu ma nan muhawarar goge da garaya da mandirin Ƙadiriyya ba ta ƙare ba.

Tsirkiya_Shida:
Yana yawan kafa hujja da cewa ta Andalus kakan gita ya shiga Turai. Akwai ƙamshin gaskiya: makaɗi Ziryab ya isa Kurɗuba a 822 daga Bagadaza, shi ake danganta wa ƙara tsirkiya ta biyar a kan ud, molon Larabawa, kuma daga kalmar al-ud Turawa suka samo sunan molonsu na da. Sai dai gita mai tsirkiya shida irin ta yau a ƙarshen ƙarni na 18 ta bayyana, kuma tana da kakanni fiye da ɗaya.

Ɗan_Damagaram:
Tarihin kayan kiɗa ba ya zama dalilin shari'a. Ina girmama shi saboda makarantu da marayu, amma a wannan mas'ala ina nan inda nake.

Ɗan_Fagge:
Na gode ƙwarai. Ke nan ba ɗan attajirai ba ne, ba washegari ba ne, ba a ƙona gita ba, kuma ya dawo waƙa. Amma har yanzu ina ganin ranar tekun ce ta yanke komai, sauran duk cika alkawari ne.

Nas_Ƙirji:
Ni kuwa gadon asibitin Midhurst nake gani. Ba don shi ba, da babu mai tambayar da teku ta amsa.

Mai_Faifai:
Shi kansa yanzu sunayen biyu yake haɗawa, Yusuf / Cat Stevens, haka aka rubuta lokacin da ya hau dandalin bikin waƙa na Glastonbury a Ingila a Yuni 2023 yana dab da cika 75. Ga mai son jin tazarar da kunnensa, akwai Father and Son, hirar uba da ɗan da ke son barin gida. A 1970 shi ya rera ɓangarorin biyu, na uba da murya ƙasa, na ɗa da murya sama. Da ya sake ɗaukar faifan Tea for the Tillerman gaba ɗaya, tare da Samwell-Smith da Alun Davies ɗin dai, wanda ya fito a 2020, sai aka ɗauko muryar ɗan daga wani wasa da ya yi a kulob ɗin Troubadour na Los Anjalas a 1970, yana shekara 22, shi kuma ya rera ɓangaren uban da muryarsa ta tsufa.

Tsirkiya_Shida:
Aikin da ke cikin haɗa su ba kaɗan ba ne. Tsohon ɗaukan na dandali ne, sautin gita ya shiga makirfon murya, kuma gudun waƙar na ɗan hawa yana sauka tunda ba na'urar ƙidaya ake bi ba. Dole a tsame muryar, sannan sabbin makaɗa su bi numfashin yaron na 1970 maimakon a tilasta masa bin nasu.